Kalmomin Hausa a Kan Ginin Turanci: Amsoshin Tambayoyinku

Wani malamin firamare daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji mai karanta labarai ya ce 'an kama ɓarayin ta hannun 'yan sanda', sai jimlar ta yi mini banbaraƙwai, alhali babu kalma ko ɗaya a cikinta da ba ta Hausa ba. Shin kunnena ne, ko kuwa akwai gyara?"

Malam, kunnenka lafiya lau yake. Tubalan jimlar na Hausa ne, amma maginin da ya jera su da Turanci yake tunani. Turanci yana da hanyar da yake gabatar da wanda aka yi wa aiki a farkon jimla, sannan ya kawo wanda ya yi aikin a ƙarshe ta hanyar wata 'yar ƙaramar kalma. Hausa ba ta da wannan tsari. Abin da take da shi shi ne "an", "aka", "ana" da "za a", kuma aikinsu shi ne sakaya mai aikatawa, ko don ba a san shi ba, ko don ba a son ambatonsa, ko don kunya da girmamawa, kamar yadda matar aure kan ce "an dawo" tana nufin maigidanta. Da zarar ka yi niyyar faɗin wanda ya yi aikin, to "an" ba ta da sauran amfani, sai ka ce "'yan sanda sun kama ɓarayin". In kana son jaddada masu kamun, ka ce "'yan sanda ne suka kama ɓarayin", in kuwa ɓarayin ne ake zance a kansu, ka ce "su ɓarayin, 'yan sanda sun kama su".

Matsalar ba ta tsaya ga rashin daɗin ji ba, har ma'ana takan jirkice. "Ta hannun" tana da aikinta a Hausa, wato nuna ɗan aike ko wanda aka bi ta kansa. Idan aka ce "an aiko da kuɗin ta hannun direba", kowa ya san ba direban ne ya aiko ba, saƙo aka ba shi ya kawo. Saboda haka jimlar da ka ji tana nuna kamar wani ne daban ya yi kamun, 'yan sanda kuwa aikensu aka yi. Wadda ta fi wannan muni ita ce wadda na taɓa gani a takardar jarrabawar wani ɗalibi, inda ya rubuta "an kashe maigadin da 'yan fashi". Shi yana nufin 'yan fashi ne suka kashe maigadin, amma Bahaushen da ya karanta zai fahimci cewa an haɗa maigadin da 'yan fashin an kashe su baki ɗaya. Ko aikatau irin su "dafu", "gyaru" da "ginu", waɗanda masanin nahawu Parsons ya sanya a aji na bakwai cikin rabe-raben da ya fitar a 1960, ba sa karɓar mai aikatawa. Muna cewa "mota ta gyaru" ko "wannan mota ba ta gyaruwa", amma ba mai cewa "mota ta gyaru da makanike".

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, da sauran kafofin da suka biyo baya, yawancin labaran duniya ta hanyar fassara suke isowa ga Bahaushe. Gwanayen mafassara sukan karanta jimla su ajiye ta, su tambayi kansu yadda za su ba wa maƙwabcinsu wannan labari a bakin ƙofa. Wanda lokaci ya ƙure wa kuwa sai ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, mai sauraro ya ji yau ya ji gobe, har ya ɗauka ita ce Hausar masu ilimi.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta tambaya: "Wanne ne daidai, 'kwana uku' ko 'kwanaki uku'? Malaminmu ya ce tunda sun fi ɗaya dole a yi jam'i."

Malama, ina girmama malaminku, amma wannan "dole" ba ta Hausa ba ce. Dokar Turanci ce, kuma a wajenku a Nijar dokar Faransanci ce, domin harsunan biyu suna tilasta jam'i idan adadi ya wuce ɗaya. A Hausa adadin kansa ya isa ya nuna yawa, musamman a zancen lokaci da kuɗi da awo. Ki saurari 'yan kasuwa, za ki ji "buhu goma", "mudu biyar", "naira ɗari", "jika biyu", kuma ba za ki ji mai hatsi ya ce "buhuna goma" ba sai in nasa yake nufi. Karin magana ma shaida ce, domin ita ce ma'ajiyar da tsohon gini ya fi daɗewa a cikinta: "gida biyu maganin gobara" muka gāda, ba "gidaje biyu" ba, haka kuma "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya". Duk da haka ba zan ce "kwanaki uku" kuskure ba ne, musamman da yake a zancen mutane jam'in ya zauna daram, kamar "'ya'ya uku" da "mata huɗu", sannan "mutum goma" da "mutane goma" duk ana faɗi. Sai dai ki lura da wuri ɗaya da bambancin yake da nauyi. Idan kika haɗu da ƙawarki kika ce mata "kwana biyu", kina nufin an daɗe ba a haɗu ba, ko da wata shida ne. Idan kika ce "kwanaki biyu", kin koma lissafi, gaisuwar ta tashi.

Tambaya ta uku daga wani ɗan kasuwa a Kumasi take, yana son sanin ko "biya ziyara" da "biya hankali" Hausa ne. Alhaji, a Hausa bashi ake biya, da haraji, da buƙata. Ziyara kai ta ake yi, hankali kuwa mai da shi ake yi. Haka "a ƙarshen rana" da wasu ke faɗi suna nufin "daga ƙarshe", wanda Bahaushe zai ɗauka magariba ake nufi, da kuma "ka samu rana mai kyau" da ake turawa a WhatsApp a maimakon "a wuni lafiya". Akwai irinsu da suka riga suka zauna, kamar "ɗaukar mataki", wanda yanzu ko a ƙauye ba a jin sa baƙo, kuma ni kaina na daina jan layi a ƙarƙashinsa.

Ka kuma tambaya game da "ya ɗau wanka". Wannan kam ban sa shi cikin jerin ba, ko da yake ya yi kama da yadda Bature ke faɗin yin wanka. Matasanmu ba shiga banɗaki suke nufi da shi ba, suna nufin mutum ya caɓa ado, ya sa shadda mai maiƙo da hula zanna ya fito ranar Juma'a. Wanda ya watsa ruwa kawai ya mai da tsohuwar rigarsa, "ya yi wanka" za a ce.