Amsa ga ɗana game da bindigogin da mahaifinsa ya bari

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni nan Agege. Ka ce da kuka buɗe ɗakin marigayi mahaifinka a Idi-Araba, Allah ya gafarta masa, kun tarar da bindigogi biyu, bindigar toka ta kakanku da kuma ta farauta mai baki ɗaya wadda yake fita da ita dazukan wajen Epe, kana kuma tambaya ko ka bi al'adar gidanmu, wato a wanke da ruwan zafi, a shafe da man kaɗanya, a naɗe cikin fata a rataye.

Kafin maganar wanki, ka ɗauka cewa kowacce da harsashi a cikinta har sai idonka ya tabbatar maka babu. Ta farautar ana buɗe ta ne a mahaɗarta ta tsakiya, kamar an karya ta, a ɗaga bututun wajen haske a leƙa ta baya. Ta tokar ba ta buɗuwa, don haka kakanku yakan zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya sa alama daidai bakin, sannan ya zaro ta ya gwada a jikin bututun ta waje. Idan sandar ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki. In ka ga haka, kada ka taɓa kunamar, kada kuma ka zaƙula, domin albarushi yana shekaru da yawa bai mutu ba. Ka ajiye ta, ka kira ni. Kuma duk tsawon aikin kada bakinta ya dubi kowa, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa.

Ruwan zafi gaskiya ne, amma na bindigar toka ne. Albarushi idan ya ƙone yana barin dauɗa mai gishiri wadda take jawo laima, kuma mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne yake yi. Ina tuna kakanku a tsakar gida bayan ya dawo daji, tun kafin ya ci abinci, yana ɗura tafasasshen ruwa a bututun, ruwan yana fita baƙi ƙirin da warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana maimaitawa har ya fito fari. Hikimar zafin ita ce ƙarfen ya ɗauki ɗumi ya busar da kansa, sannan a bi da busasshen tsumma, sannan mai. Ta mahaifinka ba ta bukatar wannan. Abin da take so shi ne sandar goge bututu, da buroshin tagulla daidai faɗinta, da tsumman auduga, da man bindiga. Ana turawa daga baya zuwa baki, ana sauya tsumma har na ƙarshe ya fito tas. Kada ka sa mata waya ko takardar yashi, domin duk inda ka ƙarce, nan tsatsa za ta fara kama.

Inda zan raba ka da al'ada shi ne wajen mai da fata, kuma ba don iyayenmu sun yi kuskure ba. Su a arewa suke, inda iska take bushe rabin shekara kuma babban abokin gabarsu ƙurar hunturu ce. Legas gari ne na bakin teku, damina tana kamawa tun watan Afrilu har Oktoba, iskar kuma da gishiri a cikinta. Ni kaina na koyi wannan da asara. Shekarar da na zo, na shafe tawa da man kaɗanya, na naɗe ta cikin jar fata kamar yadda na gani a gida, na ɗora bisa kabad. Bayan wata uku na warware, sai ga fatar ta yi fumfuna, man ya daskare ya riƙe kunamar kamar ƙaro, tsatsa kuma ta huda bututun ɗigo-ɗigo, har da shatar yatsuna inda na riƙe ta da gumi. Fata tana shan danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfe, man kaɗanya da man gyaɗa da manja kuma duk suna tsami su yi danƙo. In ba ka sami man bindiga ba, man keken ɗinki ya fi su nesa ba kusa ba. Kuma shafa kaɗan ake yi, domin in ya yi yawa yakan gangara ya jiƙa katakon ya raunana shi, shi ya sa nake jingine tawa bakinta ƙasa.

Rataya a bango ma ka bar ta. Ka nemi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ka jefa ƙananan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi, harsashi kuma a kulle shi a wani wuri daban, inda yara ba su san hanyarsa ba. Da damina ka duba duk sati biyu, ka kuma leƙa bututun, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma toshewa irin wannan tana iya fasa bututu a hannun mai harbi.

Sai maganar hukuma, wadda ba na so ka jinkirta. A ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1959, bindigar toka tana bukatar lasisi daga Kwamishinan 'yan sandan jiha, ta farauta kuma daga Sufeto Janar, kuma takardar da take da sunan mahaifinka ba ta halatta maka riƙewa ba. Ka nemo takardunsa, amma kada ka fito da bindigogin daga ɗakin. Ranar Asabar bayan la'asar zan zo da sandar gogewa da mai mu duba su tare, ranar Litinin kuma mu tafi hedikwatar 'yan sanda a Ikeja da takardun kawai. Ka gaida mahaifiyarka.