Tambaya da Amsa: Ya Dace a Yi Dariya a Fim ɗin Mai Kisan Gilla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli fim ɗin nan na Amurka mai suna American Psycho tare da yayana da wani abokinsa, kuma har muka tashi bakinmu bai zo ɗaya ba. Su biyun sun yi ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa tsigar jikina ce take tashi, domin mutum ne yake kashe jama'a ɗaya bayan ɗaya babu gaira babu dalili. Yayana ya ce fim ɗin barkwanci ne, abokinsa kuma ya ce ai duk kisan a cikin tunanin jarumin ya faru. Sannan ina ganin samari suna yaɗa hotunansa a waya kamar wani gwarzo. Wane ne yake da gaskiya, ko kuwa ni ce ban fahimta ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kin fahimta sarai, kuma wannan saɓani da ya shiga tsakaninku ya girmi fim ɗin kansa. An ɗauko labarin ne daga littafin Bret Easton Ellis wanda ya fito a 1991, kuma tun kafin ya shiga kasuwa ƙura ta tashi, har kamfanin Simon & Schuster ya fasa buga shi a ƙarshen 1990 bayan an ga irin ta'asar da ake yi wa mata a cikinsa, sai kamfanin Vintage ya karɓa ya buga. Masu fafutukar kare haƙƙin mata a Amurka sun yi kira da a ƙaurace masa, a Ostireliya kuwa a naɗe cikin leda ake sayar da shi, kuma sai ga wanda ya kai shekara 18. Da aka zo mayar da shi fim a 2000, mata biyu ne suka rubuta shi, wato Mary Harron 'yar ƙasar Kanada, wadda ita ce ta ba da umarni, da Guinevere Turner. Sun zubar da mafi yawan azabtarwar da littafin ya zayyana dalla-dalla, suka fito da zambon da ke kwance a ƙarƙashinta.

Saboda haka yayanki bai yi kuskure ba da ya ce akwai barkwanci, amma tambayar da ya kamata a yi masa ita ce: wa yake yi wa dariyar? Ki tuna wurin da jarumin fim ɗin, Patrick Bateman, wanda Christian Bale ya fito a matsayinsa, yake zaune da abokan aikinsa a ofishinsu na hada-hadar kuɗi a birnin New York, kowa yana zaro ɗan katin da ke ɗauke da sunansa da muƙaminsa yana ajiyewa a kan tebur. Katunan kusan iri ɗaya ne, muƙamin ma ɗaya ne, bambancin bai wuce hasken takarda da tsarin haruffa ba, amma da aka nuna wa Bateman na wani abokin aikinsu mai suna Paul Allen sai gumi ya keto masa, hannunsa ya kama rawa har katin ya suɓuce. Namiji ne ɗan shekara 27, mai dukiya da ilimi, ɗan guntun kwali yana neman kayar da shi. Wanda ya yi dariya a nan ya yi ta a muhallinta, domin an shirya wurin ne don a tozarta Bateman da ire-irensa, matasan masu kuɗi na shekarun 1980 waɗanda ba su da abin tinƙaho sai kwat da agogo da samun kujera a gidan cin abinci mai tsada.

Haka ma wurin da ya kashe Paul Allen. Ya shimfiɗa jaridu a ƙasa don kada jini ya ɓata masa ɗaki, ya ɗora rigar ruwa a kan tufafinsa, yana rangaji yana yi wa mutumin dogon sharhi a kan wasu mawaƙa, sannan ya ɗauko gatari. Paul Allen kuwa har ya mutu bai san da wa yake tare ba, domin ya ɗauka wani abokin aikinsu ne daban. Dariya takan kuɓuce wa mai kallo saboda shirmen sharhin, kafin ya rufe baki kuma an sare kan mutum, sai ya ji kunyar kansa. Wannan kunyar ita ce masu fim ɗin suke nema, kuma a ganina tsigar jikinki da ta tashi da dariyar yayanki duk ana bukatarsu kafin a ce an kalli fim ɗin yadda aka gina shi.

Inda zan rabu da yayanki shi ne idan dariyarsa ta zarce har ƙarshe. Akwai wurin da kyamara ta bar Bateman ta bi wata mata mai zaman kanta da ya ɗauko daga titi, tana gudu cikin dogon bene tana dukan ƙofofi tana ihu, shi kuma yana biye da ita da zarton inji, kuma babu ko mutum ɗaya da ya buɗe. Haka nan mabaracin da ya soke da wuƙa a lungu bayan ya gama ci masa mutunci a kan rashin aikin yi. Babu abin dariya a waɗannan wurare, kuma duk wanda ya yi ta a can, to ya koma sahun maƙwabtan da suka ƙi buɗe ƙofa.

Maganar abokin yayanki kuwa tana da madogara, domin kusa da ƙarshe an ga na'urar cirar kuɗi tana umartar Bateman ya ba ta kyanwa, an ga harsashin ƙaramar bindiga yana tarwatsa motar 'yan sanda, sannan lauyan Bateman ya ce ai shi da kansa ya ci abinci da Paul Allen a Landan bayan lokacin da Bateman ya ce ya kashe shi. Sai dai ita Harron ta faɗa a hirarraki cewa ba ta yi nufin a ɗauka duk mafarki ba ne. Kuma ki lura, shi lauyan da ya ba da wannan shaida bai gane Bateman ba ma, da sunan wani yake kiransa, to ta yaya za a amince ya gane Paul Allen? Ni fahimtata ita ce ya yi kisan, hankalinsa ne ya riƙa gushewa daga baya, kuma abin tsoron shi ne ya buɗe baki ya amsa laifinsa amma aka ɗauka wasa yake yi. Matar da ke neman sayar da gidan Paul Allen ma, bayan an share shi an shafe shi da fenti, korar Bateman kawai ta yi da ya je wurin, ta ce kada ya sake dawowa, domin tono maganar zai karya farashin gidan. An ƙara rikita mai kallo da gangan: Willem Dafoe, wanda ya fito a matsayin mai bincike, an ɗauki wurarensa ta hanya uku, sau ɗaya kamar ya san Bateman ne ya yi kisan, sau ɗaya kamar yana zargi, sau ɗaya kamar bai san komai ba, sannan aka gauraya su wajen tacewa.

Batun samarin da kika ambata shi ne ya fi damuna. Lokacin da fim ɗin ya fito ra'ayin masu kallo ya rabu a kansa, ko da yake ya ci riba, domin an kashe kimanin dala miliyan 7 ya kawo fiye da miliyan 30. Yau kuwa an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, ana yaɗa daƙiƙoƙin da Bateman yake motsa jiki ko yake tafiya cikin kwat, an cire duk wuraren da yake kuka a waya ko ake raina shi. Harron da kanta ta nuna mamakinta a kan haka. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: fim ɗin ya ƙawata shi ƙwarai, ya ba shi kyawun jiki da gida mai ƙyalli, kuma ba kowane yaro ne zai gane cewa gugar zana ake yi ba idan guntun bidiyo kawai ya gani. Ko masu tantance finafinai a Amurka, abin da suka sa aka rage kafin su sassauta masa matakin shekaru wurin batsa ne, kisan bai tsaya musu a rai kamar haka ba, kuma wannan ma abin dubawa ne.

Shawarata ita ce kada a kalle shi a gaban yara ko kaɗan, kuma wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar ganin jini bai yi asarar komai ba idan ya bar shi. Idan kuma gardamar ta sake tashi, ki roƙi yayanki ya faɗa miki wuraren da ya yi dariya ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tambaye shi abin da ya ji lokacin da sakatariyar Bateman ta buɗe littafin ajiyar bayanansa ta tarar da zane-zanen matan da aka yi wa gunduwa-gunduwa.