Don Allah kar ki bari a kankare miki fiya

Hajiya, da na ga hoton fiyarki da tambayar da kika yi, ko wannan abu mai ruwan toka da ya manne a reshe cuta ce, wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan a gidanmu na Bukur.

Ba cuta ba ce. Mu gansakukar itace muke ce masa, masana kuma laiken. Naki mai kama da busasshen latas, ƙasansa baƙi, da 'yan gashi a bakinsa, ya fi kama da jinsin Parmotrema. Yana da ɗan'uwa, Usnea, mai reto kamar gemun tsoho, duk dangin Parmeliaceae ne. In kin ja silin Usnea a hankali za ki ga farin zare a ciki yana talewa kamar roba.

Ni wani mai feshi ne ya cuce ni. Ko ɗaga kai bai yi da kyau ba ya ce "Maman yara, wannan in ba a cire ba bishiyar ta tafi." Fiyar da marigayi Baba ya dasa da hannunsa! Ina tsaye ya sa adda ya kankare ɓawon ya zagaye gindin, har ruwan jikinta na tsatsafowa, ya karɓi kuɗina ya tafi. Kafin damina ta dawo ganye ya zube. Na kira shi ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Har yau in na ga kututturen sai na kau da kai.

Ashe abin nan bai shan komai a jikin itace, wurin zama kawai yake nema. Halitta biyu ce a haɗe: funfuna ta ba da jiki, gansakuka ta yi abinci da hasken rana. Tun 1867 wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya faɗi haka. Irin wannan laiken na nan a ƙasashen zafi da dama, har Asiya da Kudancin Amurka. Yana son raɓa da iska mai tsabta, ga Jos ɗinmu a tudu, kusan mita 1,200. Shi ya sa ya fi yawa a bayan gari, ba a bakin titi mai hayaƙi ba.

Kauci shi ne abin tsoro, shi ke tsotsar itace, in kin gan shi ki sare reshen. Ki duba gindin ko akwai gara, ko ruwa na kwanciya. Ki turo mana hoton ganyen kafin kowa ya zo miki da adda.