Tsohon gidan reza mai baki ɗaya: ta ina mai koyo zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka. Ina ajiye gemu, amma nakan gyara wuya da gefen kumatu, wani lokaci in aske kai. Rezar roba mai baki uku tana fito mini da ƙuraje. A kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke Jidda na sayi wani tsohon gidan reza na ƙarfe, an rubuta Gem da 1912 a jikinsa. Rezar bakala, wato ta ƙaramin kantin unguwa, ta ƙi shiga. Zai yi aski, ko dai na ajiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yi aski sosai, kuma ka dace, don a cikin tsofaffin masu baki ɗaya shi nake fara miƙa wa mai koyo.

Kamfanin Gem a New York aka kafa shi a 1898, daga baya ya haɗe da Ever-Ready da kuma Star, wanda 'yan'uwan Kampfe suka yi wa rajistar ƙira tun 1880. Shi ya sa duka ukun reza iri ɗaya suke ci. 1912 ɗin da ka gani shekarar rajistar ƙirar ce, ba lallai shekarar da aka ƙera naka ba, domin an yi shekaru da dama ana buga shi a Amurka da Ingila.

Kafin ka kai shi fuska, duba abu biyu. Buɗe murfin ka rufe: in sifirin ɗin yana da rai za ka ji ya kama da ƙarfi. Sannan dubi gaban kan, a kusurwa biyu akwai 'yan ƙugiyoyi da bakin reza yake tokara. In ɗaya ta karye ko ta lanƙwashe, kada ka yi aski da shi, reza za ta zauna a karkace ta yanke ka. Koɗewar fenti da ɗan kore-kore ba komai, tagulla ce a ƙarƙashi. Ka jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ka cuɗa da tsohon burushin haƙori, ka tsoma a sifirit na kemis mai kashi 70, ka bari ya bushe. Kada bilic ya taɓa shi. In da tsohuwar reza a ciki, naɗe ta a takarda ka yar, don ba ka san jinin wa ya taɓa ta ba, kuma ciwon hanta ta wannan hanya yake bi.

Maganar reza kuwa, nan ne mafi yawan mutane suke sarewa. Ta bakala mai baki biyu ce, ba za ta zauna ba, ko ka karya ta biyu yadda masu aski suke yi. Taka mai baki ɗaya ce, da ƙarfe naɗe a bayanta, kuma kaurinta ya ninka na mai baki biyu, ba ta lanƙwasawa. Ga inda nake so ka saurara: a shagon kayan gini za ka ga reza mai kama da ita sak, ta kankare fenti da gilashi. Za ta shiga daram, amma ba don fata aka wasa ta ba. Wallahi da yawan waɗanda suka ce tsohon Gem azaba ne, da wannan suka gwada. Nemi wadda aka yi don aski, mara tsatsa, mai rufin PTFE, wani shafi da ke sa bakin reza santsi, irin ta kamfanin Personna. Mafi sauƙi ka yi odarta ta intanet, fakiti babba, ka huta. Akwai ta baƙin ƙarfe, tana da kaifi, sai dai tsatsa take yi nan da nan, balle inda akwai raɓa. Duk aski uku zuwa biyar ka canza.

Yanzu riƙo. Rezar roba ta saba wa hannunka da dannawa, to wannan ba a danna shi. Ka kwantar da murfin a kan fata kusan gaba ɗaya, ƙotar ta yi nesa da fuska, sannan ka ɗan sauko da ita kaɗan har ka ji bakin ya fara kama gashi. Kunnenka ne zai gaya maka: yana da ƙara, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. In ƙarar ta ɗauke, ba ya yanka. In ka ji yana kartar fata, ka tayar da bakin da yawa, sake kwantar da shi. Ja gajere-gajere, ka riƙa ɗauraye kan.

Ƙurajen da kake fama da su suna da dalili. Gashinmu nannaɗe yake. Mai baki uku, bakin farko yana jan gashin, na baya ya datse shi, sai ya koma ƙasan fata da tsini. Yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, ƙurji ya tashi. Mai baki ɗaya kuwa yana yanke shi daidai saman fata ne, shi ne amfaninsa gare mu. Amma wannan amfani yana tafiya ranar da ka ce sai wuya ya yi sumul. Ka bar gashin ya yi kwana biyu ko uku, ka shafa da hannu ka gane inda ya kwanta, don a wuya sau da yawa gefe yake bi ko sama. Inda ya kwanta nan za ka bi, sau ɗaya, ba ja da baya, kuma kada ka ja fatar ta yi tamau. In ƙurajen suna da mugunya yanzu, dakata da aski har su lafa, in sun ƙi a ga likitan fata.

Ka yi askin bayan wanka da ruwan ɗumi, da sabulun aski da burushi, kumfar ta zama mai ruwa-ruwa da santsi. Bayan ka gama, ruwan sanyi, sai alif, wanda za ka samu a shagon attar, wato na kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, da sunan shabba. Inda ya yi maka zafi, alama ce a nan ka danna rezar da yawa.

Askin kai ka jinkirta shi makonni kaɗan har hannu ya faɗa, musamman ƙeya da ba ka gani. Na bayan Umra ka bar wa mai aski mai lasisi, wanda zai ɓare sabuwar reza a gabanka.

In sha'awa ta sake kai ka gwanjo, ko Sawarikh ko Harajin Bin Ƙasim a Riyad, za ka iya cin karo da Gem Micromatic, na wajen 1930, wanda ake murɗa gindinsa ya buɗe. Reza ɗaya suke ci da naka, amma irinsa mai haƙora kamar mataji yana da zafi, ba na farawa ba ne. Schick da Valet kuwa kowanne da irin rezarsa daban, kada ka saya sai ka tabbatar za ka same ta.