Hukuncin allurar ƙurar ƙarfe ga mai ciwon daji

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana jinyar sankarar mama. Yayana ya ce a ƙasashen waje akwai wata ƙurar ƙarfe da ake lulluɓewa, a ɗora mata magani, a zuba a jini, maganaɗisu ya ja ta zuwa kan ƙarin. Ya halatta? Tana karya azumi? Daga 'yar'uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Neman magani umarni ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya cuta ba sai da ya sanya mata magani, ban da tsufa. Shi kuwa ƙarfe mai tsarki ne, Suratul Hadid aya ta 25 ta ambaci amfaninsa ga mutane. Ƙwayoyin ƙurar nan ido ba ya ganinsu, kuma a ƙarshe hanta da saifa ne ke narkar da su.

Inda malami zai tsaya shi ne abin da aka lulluɓe su da shi. Mafi yawa dekstiran ne, wanda ake samu daga sukari, ko haɗin ɗakin gwaji, ko kitosan na ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Duk halal ne, dabbar ruwa a mazhabar Malikiyya ba ta da matsala ko da mushe ce. Idan jelatin ne, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, sai ki tambayi likita asalinsa. In na alade ne a nemi madadi. In babu, kuma amintaccen likita ya ce rai na kan siraɗi, lalura ta halatta shi.

Allurar jijiya da ba ta ciyarwa ba ta karya azumi, haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a Jidda a 1997. Hajiya ma mara lafiya ce, tana da rangwamen ajiye azumi.

Amma 'yata, ki ji wannan da kyau. A 2009 Amurka ta amince da irin wannan allura don ƙarancin jini, likitoci kuma na haska hoton MRI da ita. A 2010 Turai ta yarda a riƙa zafafa ƙarin sankarar ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin domin kashe shi. Jan magani da maganaɗisu kuwa yawancinsa gwaji ne har yanzu. Bai dace ku dakatar da jinyar da likitocinta suka tsara kuna jiransa ba, sankara ba ta jira. In gwajin za ta shiga, sai an bayyana mata haɗarinsa ta yarda da bakinta. Wallahu a'alam.