"Aiki da Godiya": Tambayoyi kan Kalmomin Shara da Wanke-wanke

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan tsintsiya da tsumma, abin da ban saba samu ba. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai yara huɗu. Nakan share ɗaki da safe, kafin rana ta take sun mai da shi kaca-kaca. In aka gaishe ni da "ina aiki?" sai in ji bakina ya ce "da godiya", alhali raina a ɓace yake. Anya ba ƙarya nake yi ba? Mece ce ma ainihin ma'anar wannan amsa?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da hidima. Ba ƙarya kike yi ba, domin amsar ba ta ce abin da kike zaton ta ce ba. Ki lura da kyau: ba a cewa "aiki da daɗi", ba a kuma cewa "aiki da sauƙi". Abin da ake cewa shi ne "aiki da godiya". Wannan ƙaramar kalma, *da*, tana da fuska biyu a nan. Akwai *da* mai ma'anar "akwai", kamar in an ce "da ruwa a tulu?" Bisa wannan, "da godiya" na nufin akwai godiya. Akwai kuma *da* ta rakiya, kamar "ya zo da ƙanensa", wato aikin da godiyar tafe suke tare. Kowacce kika ɗauka, babu wadda ta yi alkawarin cewa bayanki ba ya ciwo.

To godiyar ta mece ce? Abokiyar wannan gaisuwa ce take ba da amsa. In an ce "ina gajiya?" wasu kan ce "ba gajiya", wasu kuma su ce "gajiya ta bi lafiya". Ni ta biyun ta fi burge ni, kuma akwai wani abu a cikinta da rubutun boko yake ɓoyewa, tunda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali. In kika ja *ta* ɗin, kika ɗaga murya a kanta, labari kike bayarwa: gajiya ta riga ta bi bayan lafiya, wato mai lafiya ne yake gajiya da aiki, wanda ke kwance asibiti fatansa ya samu ƙarfin da zai sunkuya ya ɗauki tsintsiya. In kuwa kika gajarta *ta*, kika sauke murya, addu'a ce, irin ta "Allah ya sa gajiya ta bi lafiya". A takarda iri ɗaya ne, a baki abu biyu ne. Duka biyun sun yarda akwai gajiya, sai dai sun ɗaure ta da lafiya.

Sai ki kwatanta "da godiya" da "sai godiya". *Sai* kalma ce mai kore sauran abubuwa ta bar guda. Wanda ya ce "sai godiya" cewa yake ba abin da ya rage a faɗa in ba godiya ba, kuma kin san ana faɗin haka cikin yalwa, ana kuma faɗinsa da ajiyar zuciya. Mai sauraro daga murya yake gane wanne ake nufi. Harshen ya bar miki ƙofar da za ki yi ƙorafi da godiya cikin numfashi ɗaya ba tare da kin yi saɓo ko kin yi ƙarya ba.

Ina so kuma ki zaɓi sunan da kike kiran aikin nan da shi, domin muna da uku kuma ba ɗaya suke ba. *Wahala* ita ce abin da ake sha, ba a duba wa ake sha domin sa. *Ɗawainiya* nauyi ce da mutum ke ɗauke da shi na wani, yau da gobe. *Hidima*, wadda muka aro daga Larabci, ba ta yiwuwa sai da wanda ake yi wa. Ba a hidima a gidan da ba kowa. Ranar da shara ta ishe ki, ki kira ta wahala, ba laifi. Amma wanda ya ce miki "sannu da hidima" ya tuna miki da mutum huɗun da ake yi dominsu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Me ya sa ake cewa wanka, wanki da wanke-wanke, alhali aikin duk wankewa ne? Me ya sa na kwanuka kaɗai aka ninka?

Amsa: Tushen ɗaya ne, *wank-*, wasalin ƙarshe ne ya raba musu aiki. *Wanka* na jiki ne, *wanki* na tufafi, *wanke-wanke* na kwanuka da tukwane. Wanda ya ce zai yi wa riga wanka, ko zai yi wa jariri wanki, dariya za a yi masa.

Na ukun shi ne abin da masu nahawu ke kira cikakken ninki, kuma aikinsa a irin wannan siga shi ne nuna yawa da maimaituwa: goge-goge, gyare-gyare, ɗinke-ɗinke, tafiye-tafiye. Jiki ɗaya ne, a wanke shi a gama. Kwanuka kuwa tarkace ne, manya da ƙanana, kuma kafin na safe su bushe na rana sun taru. Ba ina cewa wani ya zauna ya tsara haka da gangan ba ne, amma sunan ya dace da aikin ƙwarai: kalma ce da in ka kai ƙarshenta sai ka sake ta daga farko.

Tunda kai ɗalibi ne, ƙara da wannan. A shekarar 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa, wato kalmomin aiki, zuwa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma har yau a kan wannan rabo ake koyarwa. *Wanke* da *share* da *goge* suna aji na huɗu, wanda ke nuna an yi aiki an gama da shi kakaf. Aji na bakwai mai ƙarewa da *-u* shi ke nuna aikin ya kama sosai: riga ta wanku, ɗaki ya sharu, tebur ya gogu. Wannan *-u* ɗin ita ce ladan mai aiki, ko da ba za ta wuce minti goma ba a gidan yara.

Kalmar *shara* ma tana da nata abin dubawa: suna ɗaya ne ga aikin da kuma abin da aikin ya tara. "Ta yi shara", "ta kwashe shara". Daga aikatau ɗin *share* ne kuma muka samu *share hawaye* da *share fage*, har da na 'yan zamani, "ya share ni", wato ya yi kamar bai gan ni ba.

Tambaya: An turo mini a WhatsApp cewa Hausawa na cewa "gidan da ba datti ba mutane". Tsohuwar karin magana ce?

Amsa: Sabuwar ƙira ce, kuma ita da kanta ta tona asirinta. *Datti* kalmar aro ce daga Ingilishi, daga *dirty*, ta shigo tare da su bokiti da tawul da buroshi. Tsohuwar kalmarmu ita ce *dauɗa*. Maganar da aka gina a kan datti ba za ta girmi shigowar kalmar ba. Wannan bai sa ta zama banza ba, kowace karin magana wani ne ya fara faɗinta wata rana. Abin da ba na so shi ne a liƙa wa magana "in ji magabata" don a ƙara mata nauyi.

Amma tunanin da ke cikinta tsoho ne a harshen, sai dai a kalmomi yake zaune, ba a karin magana ba. Duba *gida*. In an ce maka "ina gida?" ba bango da rufi ake tambaya ba, mutanen ake nufi, shi ya sa kake amsawa da "lafiya lau". Ginin da mutane suka bari muna da suna dabam dominsa, *kango*, wurin da gari ya tashi ya bari kuma *kufai*. Kango ma yana tara ƙura da yana, amma ba ka samun sawun ƙafa mai laka a bakin ƙofarsa, ba ka samun takalmi ɗaya a nan ɗaya a can, ko zanen alli a bango daidai tsayin ɗan shekara uku. Hargitsin gida da na kango ba iri ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka kwashe kayan mamaci ya san wanne ya fi nauyi a zuciya.

Sai dai maganar da aka turo maka ta yi kuskuren kalma, kuma kuskuren yana da haɗari. Abin da yara ke bari a ɗaki yawanci ba datti ba ne, hargitsi ne. Hausa ta rarrabe su da amsa-kama, wato kalmomin da ke fito da kamannin abu ko yanayinsa: kaya *barkatai* ko *birjik* warwatsuwa ce kawai, fuska *dumu-dumu* ta shafi wani abu ne, ɗaki *kaca-kaca* an yamutsa shi. A ɗaya ɓangaren akwai *tsaf* na tsari, da *fes* da *tas* na wankuwa. Ɗaki zai iya zama fes amma ba tsaf ba. *Ƙazanta* kuwa wani abu ne dabam, hali ce, ita ce barin dauɗa ta kwana ta wuni, kuma ba wanda ya taɓa gode wa Allah a kanta. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya ce tsarki rabin imani ne, mu kuma a bakinmu muna cewa tsabta cikon addini. Kada malalaci ya ɗauki saƙon WhatsApp ya mai da shi hujja.

Haka yake tsakanin *ƙiriniya* da *ɓarna* da *ta'adi*. Ƙiriniya rashin zama wuri ɗaya ce, alamar yaro yana da lafiya, uwar da ɗanta ya kwanta shiru kwana biyu ita ke roƙon ƙiriniyar ta dawo. Ɓarna tana iya zama bisa kuskure. Ta'adi, daga Larabci, ƙetare iyaka ne. Yaron da ya kifar da kofi wajen gudu bai yi ta'adi ba, kuma sunan da aka ba laifinsa shi ke yanke irin faɗan da za a yi masa.

Tambaya: Malam, ni magidanci ne. Matata ta ce ban taɓa ce mata "na gode" a kan aikin gida ba. Ni kuwa a ganina godiya ta kyauta ce, ai shi ya sa aka ce "yaba kyauta tukwici". Wanda ya yi aikinsa na yau da kullum kyauta ya yi?

Amsa: Maigida, ka kawo karin maganar daidai amma ka hau ta ta baya. *Tukwici* shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo saƙon kyauta. Abin da maganar ke cewa shi ne ko ba ka da abin bayarwa, yabon bakinka ya isa ya tsaya a matsayinsa. Tana sauƙaƙa godiya ne, ba ta taƙaita ta ba. Babu inda ta ce abin da ba kyauta ba a yi shiru a kansa.

Kuma kai da kanka kana ƙaryata fassararka kullum. Ka wuce mai faskare ko mai gini, mutumin da biyansa za a yi, ka ce masa "sannu da aiki". Bai yi maka kyauta ba, ba ma kai yake yi wa ba. Me ya sa gaisuwar da ka ba baƙo a hanya ta yi maka tsada a cikin gida? Dalilin, a ganina, shi ne aikin gida ba a ganinsa sai ranar da ba a yi ba. Ɗakin da ya sharu ba ya kiran ido.

Ga wani abin nahawu da zai amfane ka. Da sunan Allah kaɗai muka saba cewa "mun gode Allah" kai tsaye. Ga ɗan Adam sai an sa *wa* ko *ma*: na gode wa Malam, na gode miki. Kalmar tana neman wanda za a miƙa wa. Godiyar da ka ce tana cikin zuciyarka ba ta isa ga kowa ba tukuna. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In kuma "na gode" ta yi maka nauyi a baki, tsintsiya ba ta da nauyi a hannu. Muna yawan jawo "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" a taron siyasa da na zumunci don kiran haɗin kai, muna mantawa da cewa hoton daga tsakar gida aka ɗauko shi, inda sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ita.

Tambaya: Mene ne *jirwaye* a cikin "jirwaye mai kama da wanka"?

Amsa: Jirwaye shi ne sawun da ruwa ke bari a jiki ko a kan wani abu in an jiƙa shi ba a wanke sosai ba, wani wuri ya fita, wani wuri dauɗar ta yi layi-layi. Ka ba ɗan shekara biyar tsumma ya goge maka madubi, abin da zai bar maka shi ne jirwaye. A magana kuwa ana faɗinsa ga zancen da aka yi a kaikaice, an taɓo batun ba a fito da shi fili ba, amma wanda ake nufi ya gane. Mai tambayar da ta gabata zai iya cewa abin da na yi masa ke nan da batun tsintsiya, sai dai ni a ganina nasa wanka ne sosai, har da sabulu.