Amsar Kawu Kan Tsirran Da Ake Kira Da Sunan Maciji

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki dogara da maganar. Kin ce an ba ki shukar nan mai dogayen ganye kamar takobi, wadda ake kira tsiron maciji, aka ce in kin dasa ta a bakin ƙofa maciji ba zai kusanto ba. Kina son sanin inda al'adar ta samo asali.

Mutanen da, ko a wace ƙasa, da ido suke raɗa wa tsiro suna. Dubi ganyen taki, ratsi-ratsin nan kamar bayan kasa. Iyakar zumuncinsu ke nan. Asalinta Afirka ta Yamma ce, kuma da zaren ganyenta ake murza igiya da tsirkiyar baka. To daga kama sai aka tsallaka zuwa imani, wai abin da ya yi kama da cuta shi ne maganinta. A Indiya akwai saiwar sarpagandha, mai lanƙwasa kamar maciji, an daɗe ana ba wanda aka sara. A 1952 masana suka fitar da sinadarin reserpine daga cikinta, ya zama maganin hawan jini, amma ba ya karya dafi. Na Amurka ya fi muni. Wani tsiro mai farin fure da suke kira saiwar maciji guba ne. Shanu su ci, gubar ta bi nono ta kashe mai sha. Shi ake dangantawa da rasuwar mahaifiyar Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, a 1818.

Shi kuwa maciji bai san sunan da muka ba ganye ba. Harshen nan da yake zarowa, ƙamshi yake ɗebowa daga iska ya kai wata gaɓa da ke cikin gandarsa, da ita yake bin sawun ɓera da kwaɗo. Ba shi da kunne a waje, motsin da ke bi ta cikin ƙasa yake ji ta muƙamuƙi. Jikinsa ba ya iya daidaita zafin kansa, don haka da rana ta take sai ya nemi inuwa mai sanyi. Kin ga ke nan shuka mai duhu a jikin bango, kowace iri ce, masauki ce gare shi.

Za ki ce, to ina waɗanda suka sha saiwa suka tashi? Na ga irinsu da idona. Macizai sun kai iri 4,000, masu dafi kimanin 600 ne kawai. Mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba. Irin wannan mutum ko ruwa ya sha zai warke, sai yabo ya tafi ga saiwar. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai, jininsa ya ƙi daskarewa, shi sau da yawa ba ya dawowa ya ba da labari. Wannan ne ke min ciwo, 'yata, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji.

Ki dasa abinki, tana da kyau kuma ba ta son ruwa da yawa. Amma ki share ciyawa, ki toshe ramukan ɓera, ki riƙa fita da fitila da dare. In tsautsayi ya faɗa wa wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji nan take.

Ki gaida maigidan da yaran.